Herminia Mai Muryar Pilko

Sunana Fulgencio Arreola. Shekara arba'in da ɗaya na yi ina ɗora murya a kan finafinan da ake kawo mana daga Amurka, a nan birnin Mexico, kuma ban taɓa fitowa a mutumin kirki ba. Murya gare ni mai kauri, kamar ana jan buhun gawayi a kan siminti, don haka duk inda aka sami mugun sarki ko dodo ko shugaban 'yan fashi, ni ake nema. A wannan aiki na san Herminia Zárate. Mun tsaya gaban makirfo ɗaya da ita fiye da shekara ashirin, kuma ni ne na ɗauki kusurwar hagu ta akwatin gawarta ranar da aka kai ta makabarta.

A Azcapotzalco aka haife ta. Ubanta makaniki ne a garejin jiragen ƙasa, uwarta tana sayar da tamal, wani abinci irin alala da ake yi da masara, a ƙofar masana'anta. Herminia ta girma ta zama mace gajera mai faɗin kafaɗa, amma muryarta ta tsaya a shekara goma ta ƙi gaba. In ta ɗauki tarho sai a ce mata ta kira babban mutum. Aikinta na farko a babbar tashar motoci ta arewacin birni ne, tana zaune cikin wani ɗan ɗaki na gilashi tana sanar da tashin motoci ta lasifika. Fasinjoji sun sha kai ƙara cewa an bar wani yaro yana wasa da na'urar tasha.

A shekarar 1983 daraktanmu, Don Lisandro Becerra, ya je tashar zai tafi Querétaro wurin 'yar'uwarsa. Ya ji sanarwar, ya bar motarsa ta tafi, ya bi matakala yana tambaya har ya kai ɗakin gilashin. Ya leƙa ya ce yana neman yaron da ke magana a lasifika.

Herminia ta ce masa, "Ga shi a gabanka, yallaɓai. Shekararsa talatin da ɗaya, kuma ƙafafunsa ciwo suke."

Mako biyu bayan haka ya kawo mana ita. A lokacin ba kamar yanzu ba ne da kowa ke shiga ɗaki shi kaɗai. Mu biyar ko shida muke cunkushewa gaban teburin takarda ɗaya, a yanka fim ƙanana-ƙanana, a yi ta maimaita mana gutsure guda a bango har bakinmu ya dace da na hoton. Ranarta ta farko ta zo da warwaraye a hannu da takalmi mai ƙara, Don Lisandro ya sa ta cire duka. Tun daga ranar ba ta sake shiga ɗakin ɗaukar murya da takalmi ba. Ni ta fara tsokana. Ta ji na yi dariyar mugunta a wani fim, ta dube ni sama da ƙasa, ta tambaye ni ko da wannan muryar nake neman aure. Na ce mata ban yi aure ba. Ta ce ai ta gane.

Tana da 'ya guda, Nayeli. Yarinyar tana da shekara biyu sanƙarau ya kama ta. Ta tashi, amma ya tafi da kunnuwanta biyu. Herminia ta faɗa mini yadda ta gane: murfin tukunya ne ya suɓuce mata ya faɗi a bayan yarinyar, maƙwabta ma suka leƙo, amma Nayeli ba ta waiwaya ba. Mijinta Anselmo, direban mota, ya tafi Chicago a shekarar, ya ce zai nemo abin da za a kai yarinyar wurin manyan likitoci. Wasiƙunsa suka riƙa zuwa duk wata, daga baya duk Kirsimeti, daga baya suka ɗauke. Herminia ba ta zaginsa. In an ambace shi sai ta ce sanyin can ne ya daskare masa hannu.

A 1985, shekarar babbar girgizar ƙasa, aka kawo mana aikin da ya zama nata. Akwai wani babban fim na yaƙin sararin samaniya da ya cika gidajen silima shekaru kaɗan kafin nan, har mutane suna layi ya zagaye titi. Masu fim ɗin suka haɗa kai da wani kamfanin kayan wasa, suka ciro wani ɗan ƙaramin mutum-mutumin ƙarfe da bai fi minti uku ba a fim ɗin, suka yi masa katun na yara a talabijin. Sunansa Pilko. Labarin shi ne kumbon da yake aiki a ciki ya tashi cikin gaggawa ya manta da shi a kan wani wata mai nisa. Kowane kashi Pilko yana neman hanyar komawa, ya kusa, wani abu ya gifta. Ni ne abin da ke giftawa, wani kwamanda mai ido ɗaya da ke son ya narkar da shi.

An gwada mutum huɗu a muryar Pilko, Don Lisandro bai gamsu ba. Ya ce duk suna yin abin dariya ne, alhali wannan ƙarfen tsoro yake ji. Herminia ta fita bayan gida ta ɗauko bokitin kwano na mai shara, ta wanke, ta riƙe shi kusa da kumatunta, ta faɗi maganar da Pilko ke yi duk lokacin da ya hango hasken kumbo: "Ku jira ni, ina tafe." Muryar ta fito siririya, tana ɗan karkarwa a cikin bokitin. Babu wanda ya yi dariya. Don Lisandro ya sa fensirinsa a bayan kunne ya ce a saya wa mai shara wani bokitin.

Ba a rubuta sunayenmu a ƙarshen shiri a wancan zamani, don haka daga Tijuana har ƙasar Chile yara suna kwaikwayon muryarta ba tare da sanin mace ce ba. Amma a gidan hayar da take zaune a Azcapotzalco, mai ɗakuna goma sha huɗu da famfo ɗaya a tsakar gida, kowa ya sani. Ita ce mai talabijin mai launi. Ƙarfe huɗu na yamma yaran gidan za su cika mata ɗaki har kan gado. In an gama, su yi ta roƙonta ta yi musu Pilko, ta yi, su faɗi ƙasa don dariya. Na sha zuwa na tarar da haka. Nayeli tana da shekara bakwai lokacin. Takan tsaya jikin kabad tana kallon bakin uwarta, ta kalli yaran, ta sake kallon bakin uwarta.

Wani likita ya taɓa gaya wa Herminia, malamar makarantar yarinyar kuma ta ƙara mata, cewa muddin aka bar kurma ya saba magana da hannu, ba zai taɓa buɗe baki ba. Haka ake faɗa wa iyaye da yawa a lokacin. Herminia ta riƙe wannan magana hannu bibbiyu. Kullum in yaran sun watse, sai ta zaunar da Nayeli gaban madubi awa biyu. Ta kunna kyandir, yarinyar ta yi ta furta harafi har harshen wutar ya motsa. Ta ɗora tafin yarinyar a maƙogwaronta, ta faɗi kalma, ta ce ta maimaita. In Nayeli ta nuna kofi da yatsa, ba za a ba ta ruwa ba sai ta kira sunansa. In ta ɗaga hannu za ta yi nuni, a sa ta zauna a kan hannayen.

Wata Asabar na kai musu lemo daga kasuwa, na tarar an ɗaure wa yarinyar hannaye a baya da igiyar zanen girki. Ba a matse ba, amma a ɗaure. Fuskarta duk majina. Na ja Herminia tsakar gida na ce mata wannan ya yi yawa.

Ta ce, "Fulgencio, kai ka taɓa haihuwa?"

Na ce a'a.

Ta ce, "To ka bar ni. In na mutu gobe, da me za ta nemi abinci? Da yatsu? Ni da nake sa ƙarfe ya yi magana, 'yar cikina ce za ta gagare ni?"

 Na sha tuna abin da na yi daga nan. Na ajiye lemon na tafi, kuma mako na gaba na sake zuwa kamar babu abin da na gani.

Da Nayeli ta kai shekara goma, aka shirya mata karɓar Jibin Ubangiji na farko a coci, Herminia ta roƙe ni in tsaya mata a matsayin uba. Tun daga nan muka koma kiran juna compadre da comadre, yadda iyayen yaro da wanda ya tsaya masa ke kiran juna a nan. Wata shida tana koya wa yarinyar wata gajeriyar addu'a da za ta faɗa a gaban jama'a. Ranar ta zo, Nayeli ta tsaya cikin farar riga ta faɗe ta daga farko har ƙarshe, da ƙarfi fiye da kima, muryar tana hawa tana sauka inda bai kamata ba. Herminia tana gefena tana kuka don daɗi, tana matse mini hannu. Ita ba ta ga abin da yarinyar ta gani ba, domin yarinyar ce ke fuskantar mutane: yaran layin gaba sun toshe baki suna ƙyaƙyatawa. Da muka koma gida ana zuba wa baƙi miyar mole da shinkafa, Nayeli ta shiga ɗaki ta ɗauko Pilko na roba da kamfani ya ba uwarta kyauta, ta je ta cusa shi a magudanar tsakar gida da sanda. Sai da aka kira mai gyaran famfo washegari.

Katun ɗin kansa shekara biyu ya yi. Kayan wasan ba su sayu a Amurka yadda aka so ba, sai kamfanin ya janye hannu. Kashi na sittin da biyar ya ƙare da Pilko ya hango fitilun kumbonsa a bayan wani tsauni, ya fara gudu. Muka jira a kawo mana ci gaba, ba a kawo ba. Gidajen talabijin namu kuwa suka yi ta maimaita sittin da biyar ɗin shekara da shekaru, in ya kai ƙarshe a koma farko. Sai wasiƙu suka fara zuwa, daga Peru, daga Honduras, daga ƙauyukan Chiapas, rubutun yara da fensir, duk tambaya ɗaya: ya isa kuwa? Gidan talabijin ya turo su ofishinmu, ofishinmu bai san yadda zai yi da su ba. Herminia ta kwashe su a jakar kasuwa ta kai gida.

Kowace Lahadi bayan coci takan zauna ta ba su amsa da sunan Pilko. Ta ce musu ya isa lafiya, an yi masa wanka da man inji, kyaftin ya ba shi haƙuri. In yaro ya ambaci cewa kakarsa ba ta da lafiya ko karensa ya ɓata, sai ta tambaye shi labari, wasu har su sake rubutowa. Ita take sayen kan sarki. Ta yi shekara bakwai ko takwas tana wannan. Nayeli ta iya karatu sosai, kuma wasiƙun a kan teburin cin abinci suke.

Abin da ba mu sani ba shi ne, tun tana da shekara goma sha huɗu Nayeli ta gano cewa kurame na taruwa ranar Lahadi a harabar wata coci kusa da lambun shaƙatawa na Alameda. Takan ce za ta wurin ƙawarta, ta hau jirgin ƙarƙashin ƙasa ta tafi can. Cikin shekara guda hannayenta sun iya abin da bakinta ya yi shekara goma bai iya ba. A can ta haɗu da Efraín, kurma ne shi ma, mai ɗinkin littattafai daga Guadalajara. Da ta cika goma sha takwas, wata Talata Herminia ta dawo daga aiki da rana ta tarar da gado a gyare, takarda a kan matashi. Ta kawo mini takardar na karanta, har yau ban manta ba.

"Mama, ban tafi don na tsane ki ba. Gajiya na yi. Yaran duniya kina tambayarsu labarin karensu. Ni ba ki taɓa tambayata komai ba, sai dai ki ce in maimaita."

Washegari ta zo aiki. Tallar sabulu muke yi, ita ce ɗan tsako. Ta cire takalmi ta yi ɗan tsakon sau ɗaya, ya yi daidai, ta mayar da takalminta ta fita. Na bi ta na same ta zaune a kan matakala. Na zaci kuka take, ashe fushi ne. Ta ce shekara goma sha shida ta yi tana haƙa yarinyar nan daga rami da farcenta, yanzu ta koma ta faɗa da ƙafarta. Na ce mata wataƙila ba rami ba ne a wurinta. Ta yi wata guda ba ta yi mini magana ba in ba a gaban makirfo ba.

Da Nayeli za ta auri Efraín a Guadalajara, Herminia ta je ɗaurin auren, ta dawo a ranar. Ta ce mini ta zauna cikin mutum sittin, babu abin da ake ji sai ƙarar cokula da dariya, ita kaɗai ce ba ta san abin da ake wa dariyar ba. Bayan shekara uku aka aiko mata hoton jaririya, an sa mata Citlali, kuma tana ji. Herminia ta sa hoton a jaka tana nuna wa kowa, amma ba ta je ba. Ta ce ba a gayyace ta ba. Haka aka tafi shekara goma, sai kati a Kirsimeti da kati a ranar iyaye mata.

A 2006 masu fim ɗin nan suka fito da sabon kashi a silima, sai suka tuna da tsohon katun, suka ce za a fitar da shi a faifai. Da aka buɗe tsofaffin kaset ɗinmu aka tarar danshi ya cinye fiye da rabi, dole a sake ɗora murya daga farko. Don Lisandro ya riga ya rasu. Sabon daraktan saurayi ne ɗan shekara talatin da 'yan kai, wanda ya tashi da Pilko. Da ya ga Herminia sai da ya miƙe tsaye, ya roƙe ta ta sa masa hannu a littafi. Sannan ya ce mata, da kunya, dokar kamfani ce kowa sai an gwada shi.

Shekararta hamsin da huɗu. Ta shiga ɗakin ita kaɗai, babu bokiti yanzu, na'ura ke yin wannan. Ta yi, aka mayar mata ta saurara. Ina tsaye a bayan gilashi. Ta cire abin kunnen a hankali, ba ta bari saurayin ya buɗe baki ba.

Ta ce, "Ɗana, kada ka wahalar da kanka. Wannan tsohuwa ce take kwaikwayon yaro. Ni ma na ji."

Aka ba wata yarinya mawaƙiya aikin. Ni kuwa aka mayar mini da kwamandana mai ido ɗaya, har aka ce muryata ta ƙara kyau. Na gaya mata zan ƙi karɓa. Ta ce kada in yi wauta, ni dama tun ina saurayi muryar tsoho gare ni, yanzu ne shekaruna suka cim mata.

Daga nan aiki ya riƙa ja mata baya. Sai kaka a wani fim, sai tsuntsu a wata talla. Yini ya yi mata tsawo. Ban san abin da ya gudana a ranta a watannin nan ba, ba ta faɗa mini ba. Na dai san wata Lahadi ta hau jirgin ƙarƙashin ƙasa ta sauka kusa da Alameda, ta tsaya a harabar cocin nan kusan awa guda tana kallon mutane, sannan ta rubuta a bayan takardar burodi cewa tana son ta koyi maganar hannu, ta miƙa wa wata dattijuwa. Sunan matar Doña Otilia, ta yi ritaya daga masana'antar takalma. Da ta ga sunan Nayeli ta gane ko wace ce a gabanta, domin labarin igiyar zanen girki ya riga ta zuwa wurin da shekaru. Herminia ta ce matar ta dube ta har ta ji kamar ƙasa ta tsage, sannan ta matsa mata wuri a kan benci.

Koyon bai zo mata da sauƙi ba. Sanyin ƙashi ya riga ya kama mata yatsu, biyu ba sa miƙewa sosai. Mukan haɗu ranar Alhamis a wani ɗan gidan abinci mu sha romon kaza, ta yi ta gwada mini abin da ta koya, ni ban gane komai ba ina gyaɗa kai. Wata rana ta zo tana dariya har da hawaye, ta ce ta yi mako uku tana gaya wa mutanen cocin tana son madara a kofinta, ashe batsa take yi musu, su kuma sun ƙi gyara mata don suna jin daɗin abin. Shekara biyu ta yi kafin ta yarda ta je Guadalajara. Akwai magana guda da ta haddace, ba ta fi jimla huɗu ba. Ta ce in raka ta, in ba haka ba, za ta sauka a hanya.

Muka tashi da safe, muka isa da la'asar. Gidan yana bayan shagon Efraín, ko'ina ƙamshin gam da takarda. Nayeli ta zama mace 'yar shekara talatin, fuskar uwarta sak. Ta gaishe ni da sumba a kumatu, ta miƙa wa uwarta hannu. An riga an zuba pozole, romon masara da nama, a kwanuka. Herminia ta ƙi zama. Ta ajiye jakarta, ta goge tafinta a jikin riga, ta fara magana da hannu.

Nayeli ta tsaya tana kallo, fuskarta ba ta nuna komai ba. Da uwar ta kai tsakiya, sai ta kama hannunta na dama, ta lanƙwasa mata yatsa ɗaya, ta ɗaga mata gwiwar hannu, ta yi mata alama ta sake. Herminia ta sake daga farko. Ta sake gyara mata. Sau uku. Efraín ya sunkuyar da kai yana kallon kwanonsa. A karo na huɗu ta bar ta ta kai ƙarshe, sannan ta yi wani ɗan gajeren motsi da hannu ta ja mata kujera.

Sai washegari a mota, mun wuce rabin hanya, Herminia ta gaya mini abin da aka ce. Ita ta ce ta yi kuskure, tsoro ne ya sa ta, bai kamata ta ɗaure mata hannu ba, kuma tana son ta san wace ce 'yarta. Nayeli ta amsa da cewa ta gani, ta zauna ta ci abinci kada ya huce.

Na ce ai wannan ma wani abu ne.

Ta ce, "Ba ta ce ta yafe ba, compadre. Cewa ta yi ta gani." Ta juya tana kallon gonaki. Can ta ƙara da cewa gyaran da aka yi mata daidai ne, yatsan ne bai zauna ba.

Daga nan duk wata sai ta je, shekara takwas ba ta fasa ba. Ba zan ce sun zama kamar sauran uwa da 'ya ba. Hirarsu ba ta wuce tsadar tumatir da makarantar Citlali da furannin da ke kan rufi. Maganar hannun Herminia ba ta taɓa wuce ta ƙaramin yaro ba, in hira ta yi zafi a tebur sai a bar ta a baya, ta zauna tana murmushi. Ta tambayi Nayeli abubuwa da yawa, an amsa mata wasu.

A shekarun nan ne kuma yaran da suka tashi da Pilko, yanzu masu tumbi da sanƙo, suka binciko sunanta. Aka riƙa gayyatarta tarukan masu son irin waɗannan finafinai, inda manya ke sa kayan 'yan sama jannati suna yawo. Su yi layi, kowa ya roƙe ta ta faɗi maganar nan. Ta faɗa da muryar da ta rage mata, ƙato ya fashe da kuka. Wani injiniya daga Honduras ya zo da wasiƙar da ta rubuta masa yana ɗan shekara takwas, an sa ta a gilashi, ya ce a shekarar ubansa ya bar gida, wannan takarda ce ta riƙe shi. Ta rungume shi. Da muka fito ta ce mini ba ta san ko daɗi za ta ji ko kunya ba, ta tuna Lahadin da ta rubuta wasiƙar ko irinta, kuma ta san wadda ke zaune a bakin taga a lokacin.

A watan Maris na 2016, da hantsi, tana kasuwa tana zaɓen barkono, ta yanke jiki ta faɗi. Shanyewar ɓarin jiki ce. Ta ɗauke mata harshe da hannun dama. Nayeli ta iso a rana ta biyu, ta zauna kwana tara a gefen gadon asibiti. Da hannun hagu kaɗai Herminia ba ta iya haɗa magana, sai kalma ɗaya-ɗaya, ruwa, zafi, Citlali. Nayeli ce ke goge mata jiki, ta taje mata gashi, ta shafa mata mai a ƙafa. Na ga tana yi mata magana da hannu a hankali, dogon bayani, uwar tana bin hannayen da ido. Ban san me ta ce ba, ban kuma tambaya ba. Herminia ta cika ranar Alhamis da yamma, ana raba wa marasa lafiya shayi.

Wani ya sa labarin a intanet, sai ga mutum kusan arba'in da ba mu sani ba a makabarta, wasu da ɗan Pilko na roba a hannu. Sun yi ladabi, sun tsaya daga baya. Nayeli ta yi ta kallonsu. Da aka gama rufewa mutane suka fara watsewa, ta ja ni gindin wata bishiya, ta ciro ɗan littafin da take yawo da shi don irinmu, ta rubuta ta miƙo mini: yaya muryarta take?

Na yi shekara arba'in ina cin abinci da murya, amma na daɗe riƙe da biro. Na rubuta cewa siririya ce, kamar ta yaron da ke son yin kuka yana daurewa. Ta karanta ta girgiza kai. Ta rubuta cewa ba ta talabijin take nufi ba, wadda take yi mata magana da ita a gida.

Na tsaya na tuna ɗakin nan na Azcapotzalco, domin ba na son in yi mata ƙarya ta kowane ɓangare. Sannan na rubuta cewa ta fi wancan ƙasa-ƙasa, takan dushe da wuri, kuma tana rawa, har a lokacin da take mata faɗa. Nayeli ta karanta sau biyu. Ta yage shafin, ta ninke shi, ta sa a aljihun rigarta, ta koma wurin mijinta.

Kwana uku muka yi muna kwashe ɗakin. Nayeli ta ɗauki tukwanen furanni da keken ɗinki, sauran ta raba wa maƙwabta. Wasu ma'aurata daga Oaxaca ne suka kama ɗakin, suna sayar da cuku a ƙofar gida. Ni na daina aiki shekara biyu bayan haka, numfashina ba ya kai ƙarshen jimla. Citlali ta gama jami'a, tana aikin tafinta tsakanin kurame da alƙalai a Guadalajara. Ta kira ni bara da za ta yi aure, ta ce uwarta ta ce lallai in zo, kuma in zo da kwat mai kyau, ba irin wadda na sa a makabarta ba. Na je, aka zaunar da ni a teburin dangin amarya.